Gadon da Dogo Ya Yanka Biyu

Mijina kafinta ne, kuma da hannunsa ya yi gadon aurenmu. Wata uku ya ɗauka yana yinsa a ɓoye, sai ka ce ba da ni za a kwanta a kai ba. Ranar da na fara ganinsa sai da na yi dariya har da hawaye, don da tsawon kansa ya auna komai. Shi dogo ne na gaske, ni kuwa ko a cikin gajeru ni ake sa wa a gaba in za a ɗauki hoto. In zan hau gadon nan sai na dafa na yi ɗan tsalle.

Na ce masa, "Dogo, ina tsanin? Ko ka manta?"

Ya ce, "Guntuwa, ai ni ne tsanin."

Daga ranar sunayen nan suka bi mu, amma a cikin ɗaki kawai. A gaban mutane, da 'ya'ya suka zo, shi Baban Auta ne, ni Maman Auta. A asibitin da nake aikin ungozoma kuma Sista suke ce min.

Shekara goma sha tara muka yi a kan gadon nan. A kansa na yi laulayin 'ya'ya uku. A kansa muka yi faɗa iri-iri muka juya wa juna baya, a kansa kuma muka shirya, don ƙafafuna sanyi gare su, kuma duk fushin da nake yi ba su taɓa yin fushi da nasa ba.

Sai Inna, mahaifiyarsa, ta sami shanyewar ɓarin jiki. Muka ɗauko ta muka kawo gida, muka sa ta a ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen baranda. Ba wanda ya ce min ni zan yi jinya. Ni na ɗauka da kaina, don aikina ne, kuma don matar nan ba ta taɓa kirana da wani suna ba sai "'yata". Mai irin ciwonta sai ana juya shi bayan 'yan awanni, in ba haka ba jiki ya yi gyambo. Don haka na shimfiɗa bargo a ƙasa kusa da ita na koma can da kwana. Kafin wata ya zagayo bayana ya riƙe, ina tafiya a karkace kamar tsohuwar kujera.

Wata Asabar na dawo daga aiki, tun daga ƙofar gida nake jin kukan zarto. Na ɗauka katakon ajiye kwanoni yake gyara min a kicin. Da na leƙa ɗakinmu sai na tarar da bawan Allah nan ya ɗaga katifa, ya ja layi da fensir daga kan gadon har ƙafarsa, ya riga ya ci rabi.

Na ɗora hannu a ka. "Baban Auta! Lafiyarka kuwa?"

Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na auna ɗakin Inna. Cikakken gado ba zai shiga ba, rabi zai shiga. Ba zan kwanta a kan katifa kina kan siminti ba."

Kafin yamma ya yi wa kowane rabi sababbin ƙafafu a gefen da aka yanka. Katifar ma da wuƙar yanka burodi ya raba ta, ni kuma na ɗinke mata riga. Rabin da aka kai min ya rage masa ƙafafu har ya yi daidai da ɗan gajeren gadon Inna, yadda in na miƙa hannu daga kwance zan taɓa ƙirjinta in ji tana numfashi. Na yi ta masifa ranar, amma gaskiya ban taɓa sonsa kamar ranar ba.

Shekara biyu da rabi Inna ta yi a hannunmu. Da farko mukan saci ɗan lokaci ni da shi, muna sanɗa a cikin gidanmu kamar ɓarayi. Amma bangon gidan bai da kauri, kunnen Inna kuwa ciwon bai taɓa shi ba, ko cokali ya faɗi a kicin sai ta tambayi wa ya yar. Daga baya gajiya ta gama da sauran. In na dawo daga ɗakin haihuwa in yi mata wanka, in ba ta abinci a baki, in wanke zannuwa. Shi kuma ya daina ce min Guntuwa, don kunyar kada uwarsa ta ji. Ban ma lura da ranar da ya daina ba.

Da Ubangiji ya kira ta, da rana tsaka ne, hannunta a cikin nawa. Na yi kuka fiye da 'ya'yan da ta haifa, har 'yan'uwansa suka koma suna ba ni haƙuri.

Sati biyu bayan jana'iza, ina zaune a ɗakin nan ina ninke zannuwanta, ƙamshin man da nake shafa mata yana tashi daga cikinsu, sai ga shi ya tsaya a bakin ƙofa da sifana a hannu.

Ya ce, "Maman Auta, in mayar da gadon?"

Na dubi gadon Inna babu kowa a kai, na ji in aka fitar da nawa kamar na bar ta ita kaɗai ne. Na ce, "Ka ba ni lokaci."

Ya ce, "To." Ya juya ya tafi.

A nan ne ya kamata in gaya muku irin mutumin da na aura. In ya shafa gam ya haɗa katako biyu, yakan ɗaure su ya ajiye a gefe, ko kallonsu ba ya yi sai washegari. In kana son ganin ɓacin ransa, ka taɓa aikin da gam bai kama ba. A shagonsa kuma akwai wani baƙin allo a bango, duk wanda ya kawo aiki sai a rubuta da alli, kuma bi da bi yake yi, daga sama zuwa ƙasa. Fasto da kansa ya taɓa jiran sati uku a kan bencin coci guda biyu. Abin da ba ya kan allo, ba ya hannunsa. Ƙofar kabad ɗin kicin ɗina ta shekara biyu tana lilo da ƙusa ɗaya, don na rantse ba zan je in rubuta aikin gidana a allo kamar baƙuwa ba. In mai aiki ya ce masa a dakata kuwa, to an dakata ke nan, ba zai bi ka gida yana tambaya ba.

Ni da na ce ya ba ni lokaci, a zuciyata sati biyu ne, in ya yi yawa wata guda. Wata guda ya cika, na zauna ina jiran ya sake tsayawa a bakin ƙofa da sifanarsa. Bai zo ba. Wata uku, bai zo ba. Manyan yaranmu biyu sun bar gida, Auta tana makarantar kwana, gida daga ni sai shi, amma kowa da ɗakinsa kamar 'yan haya. Ba faɗa muke yi ba, wannan shi ya fi cin rai. Ya kawo min shayi da safe, ya goge min takalman aiki, ya tambaye ni haihuwa nawa muka karɓa yau. Ya ce sai da safe cikin ladabi, in ce Allah ya tashe mu lafiya cikin ladabi.

Sai na fara tsayawa a gaban madubi. Shekarata arba'in da shida. Ga tabon aikin da aka yi min a haihuwar Auta, ga furfura ta fara leƙowa ta gaban goshi, ga hannaye sun yi kaushi da sabulun wanki. Na ce wa kaina, ke dai ki rufa wa kanki asiri, mutumin nan ya sami sarari ya miƙe ƙafafunsa, ya ji daɗin kwana shi kaɗai. Wata rana na yi ta maza na sayo rigar barci ruwan hoda mai siririyar igiya a kafaɗa, na fesa turare, na zo na wuce ta gabansa a falo wai ina neman almakashi. Ya ɗago ya dube ni, ya miƙe tsaye, ya ce bari ya je ya duba kekensa. Na koma ɗaki na cusa rigar a ƙarƙashin akwati, na yi kuka na ƙoshi.

Abin dariyar shi ne, a wurin aiki ba wanda ya kai ni baki. Mace ta zo awo tana sunkuyar da kai tana inda-inda, in ce mata, "Ke, ɗago ki dube ni. Mijinki ba boka ba ne, ba zai san abin da ke ranki ba. Ki buɗe baki ki gaya masa." Matan unguwa har turo min ƙannensu suke yi. In na tuɓe farar rigar nan na shigo gidana kuwa, sai bakin ya mutu murus.

Wuri ɗaya ne kawai jikinmu yake haɗuwa. Kowace safiya kafin mu fita mukan zauna a doguwar kujerar falo, mu karanta ayar ranar, mu riƙe hannu mu yi addu'a. Haka muke tun farkon aure. Tafin hannunsa kaushi gare shi, akwai wani tsohon yanka a gindin babban yatsa, kuma kullum da ɗumi. Ni nake yin addu'ar. Da can minti uku ta ishe ni. Yanzu kuwa sai in fara da 'ya'yanmu, in bi dangi ɗaya bayan ɗaya, in shiga marasa lafiya, in fita in kama matafiya, da 'yan kurkuku, da masu mulki, da waɗanda ko sunansu ban sani ba. Allah ya gafarta min, ba tausayin matafiya ne ya cika min zuciya ba. In na ce amin zai saki hannuna, shi ne kawai.

Wata goma sha ɗaya muna haka, sai matar Fasto ta tare ni a ƙofar coci bayan sujada. Mace ce mai fara'a da ƙarfin hali, in ta riƙe hannunka ba ka da wurin gudu.

Ta ce, "Sista, Lahadi mai zuwa zumuntar ma'aurata za ta zauna da sababbin aure. Ke da Baban Auta za ku yi musu magana a kan zaman ɗaki da gamsuwa da juna."

Na ce, "Mama, ai akwai waɗanda suka fi mu."

"Su wa? Shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa jin kanku. Ke ga ki ma'aikaciyar asibiti, ba kya jin kunyar kiran abu da sunansa. Na riga na gaya wa Fasto."

Da na gaya wa mijina a gida, sai ya ce, "To." Na tsani wannan "to" ɗin nasa a ranar.

Lahadin muka taru a ƙaramin ɗakin taro na bayan coci, a kan bencin da shi ya yi. Ma'aurata goma sha ɗaya ne, duk suna manne da juna, wata ta ɗora kai a kafaɗar mijinta ko kunyar Fasto ba ta ji. Aka ba mu kujeru biyu a gaba, da tazarar da mutum zai iya wucewa a tsakani. Shi ya fara. Ya yi maganar haƙuri, ya ce kada miji ya matsa wa matarsa, kada ya mayar da ita kamar kayan aikinsa. Maza suka gyaɗa kai. Ni kuma na tashi na zuba musu karatun da nake yi wa mata a wurin awo, tiryan-tiryan: jiki baiwa ce daga Ubangiji, ba abin kunya ba ne tsakanin miji da mata, kowa ya buɗe baki ya faɗi abin da yake so, kada a bar kwana ya zama wata. Suka yi ta tafi. Ina magana ina jin ɗaci a bakina, don a gidan Allah nake tsaye ina koyar da abin da ba na yi.

Sai wata amarya ta ɗaga hannu. Na san ta, a wurina take awon cikin fari, yarinya ce mai ido a tsaye.

Ta ce, "Mama Sista, don Allah ki gaya mana gaskiya. Bayan shekara ashirin, har yanzu ana marmarin juna? Ko dai a ƙarshe ana komawa kamar wa da ƙanwa ne?"

Ɗaki ya kwashe da dariya, mijinta ya rufe fuska da hula. Matar Fasto tana dubana tana murmushi tana jira.

Daga gefena na ji muryar Baban Auta, ƙasa-ƙasa. "Ana yi."

Kowa ya juya gare shi. Idonsa yana kan takalmansa.

Ya ce, "Ana yi, 'yata. Har ya fi na da. Sai dai wani lokacin mutum yakan zauna yana jiran a kira shi."

Matasan suka yi shewa, suka ɗauka barkwanci ne. Ni na san muryar mijina, na ji inda ta karye. Amma kada ku ɗauka daɗi na ji. Haushi ne ya turnuƙe ni. Jiran a kira shi? Ni da na yi wata goma ina kasa kunne ko zan ji takunsa a baranda? Ni da na wuce ta gabansa da rigar da ko a amarcina ban sa irinta ba? Da wannan haushin muka iso gida. Na dafa shinkafa na zuba mata gishiri har sau biyu, ya cinye tas.

Litinin ba ni da aiki. Da ya fita na share gida, na sake sharewa. Na tsaya a kicin ina kallon ƙofar kabad ɗin nan tana lilo da ƙusarta ɗaya. Na ce a raina, shekara biyu ke nan ina fushi da allo, allo ko a jikinsa. Na ɗauki gyale na fita.

Rabona da shagonsa tun kafin ciwon Inna. Yana nan yadda na san shi, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran rediyo, garin katako har idon sawu, ƙamshin sabon itace da gam ya cika wurin. Shi kaɗai ne a ciki, ya sunkuya yana goge wata ƙofa da sanfefa, fensir a bayan kunne. Da ya gan ni sai ya miƙe da sauri.

"Maman Auta? Lafiya? Auta ce?"

Na ce, "Lafiya lau. Aiki na kawo."

Na wuce shi na nufi allon. Da tsawonsa ya kafa shi, kamar komai nasa, don haka ƙasan kawai hannuna yake kaiwa. Ayyuka bakwai ne a jere: teburin makaranta, ƙofa biyu, gadon jariri, da sauransu. Na ɗauki alli. Na rubuta a can ƙasa: Haɗa gado. Maman Auta. Na ajiye allin na kakkaɓe hannu, na tsaya ina kallon bango don ba zan iya kallonsa ba.

Na ji ya matso ya tsaya a bayana. Ya daɗe yana karanta kalma huɗu.

Ya ce, "Wannan aikin ai yana kan allo."

"Na sani. Yanzu na rubuta shi."

"Tun kafin ki rubuta."

Na juyo. "Ina? Ni ban gani ba."

"Can sama. Bayan zarton nan da ke rataye."

Na ɗaga kai, na yi ɗage, ban ga komai ba sai zarto. Na ce, "Kai ma ka san ba zan hango ba. Ba ni kujera."

Bai ba ni kujera ba. Ya goge hannayensa a wando, ya kama ƙuguna da hannu biyu, ya ɗaga ni sama kamar yadda yake yi shekara ashirin da biyu da suka wuce. Na ture zarton gefe da yatsa. A can saman allon, sama da teburin makaranta, sama da komai, an rubuta: Gadon Guntuwa. Sai ta ce. Allin ya yi kauri, an bi ta kansa an sake bi ba adadi.

Ya ce daga ƙasa, "Ranar da na yanka shi na rubuta. In ya dushe in sake bi."

Na ce, "Sauke ni."

Ya sauke ni, amma bai cire hannayensa ba, ni ma ban ce ya cire ba. Sai hawaye da masifa suka zo min tare.

"Wata goma sha ɗaya, Baban Auta! Bakinka ciwo yake yi? Ƙafarka ta karye ne da ba za ka sake takowa ƙofar ɗakin nan ba?"

"Kin ce in ba ki lokaci."

"Na ce ka ba ni lokaci, ban ce ka ba ni sauran rayuwata ba!"

Ya zare fensir daga bayan kunne yana jujjuya shi. Sannan ya ce, "Shekara biyu da rabi kina ɗaga uwata kina kwantarwa. Kin wanke mata abin da ni ɗanta ban iya wankewa ba. Da wane ido zan zo in tsaya miki a ka in ce ga ni, ni ma da tawa buƙatar? Na ji tsoron in na sake tambaya za ki ce to don kirki kawai. In zama wani aikin da za ki yi kafin ki huta."

Na ce, "Ni na ɗauka ka daina sha'awata ne. Na ɗauka na tsufa."

Ya dube ni kamar na ce masa itace yana tafiya. "Ke?"

"Har riga na saya. Ka dube ni ka ce za ka je duba keke."

"Ruwan hoda, mai igiya a kafaɗa," ya ce. "Ta hagu ta ɗan zame. Keken nan sau biyu na wanke shi ranar, na zuba wa sarƙa mai har yana ɗiga. Na ce ko zafi ne ya dame ki, kada in je in yi abin kunya."

Na kai masa duka a ƙirji, ina kuka ina dariya. "Zafi! Da turare?"

"Ni ma na yi mamakin turaren."

Na share hanci da bakin gyale. Ya ce, "Addu'ar safen nan kuma, ina lura da ke. Ran nan har masu tuƙin jirgin ruwa kika yi wa."

"Ka sani ka yi shiru?"

"In na yi magana ai za ki gajarta."

Ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da wani tsohon gwangwanin madara. A ciki akwai dogayen notuna shida, an shafe su da mai an naɗe a tsumma, da wasu guntayen katako guda biyu. Ya ce tun ranar da ya yanka gadon ya huda ramukan da za a mayar da shi. Ya jefa gwangwanin a jakar kayan aiki, ya sa sifana da zarto da kwalbar gam, ya jawo ƙofar shago. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ko cika ba ta yi ba.

Mai ɗinki ya leƙo ta tagarsa, tef a wuya. "Kafinta, lafiya ka rufe da hantsi? Ko an yi rasuwa?"

Mijina ya ce, "Aikin gida ne. Ya daɗe a kan layi."

A gida na fara shiga ɗakin Inna ni kaɗai. Na yaye zanen rabin gadona, na tsaya na dafa nata gadon. Na ce mata a zuciyata, Inna, zan koma ɗakina. Na san abin da za ta ce, don tun tana da rai ta sha ce min in je in duba ɗanta kada ya rame. Na buɗe taga iska ta shigo, na kira shi.

Fitar da rabin gadon nan ta baranda sai da ya zama abin kallo. Shi ya kama gaba, ni baya, nasa gefen a sama nawa a ƙasa, duk nauyin ya gangaro kaina. Muka maƙale a kwana, ya ce in ɗaga, na ce iyakar ɗagawata ke nan, in yana son ƙari ya auri doguwa. Muka goge fentin bango, muka ture kwandon wanki. Da ƙyar muka shigar da shi ɗakinmu muka tura shi kusa da ɗan'uwansa.

Sai muka tsaya muna kallo. Rabin nawa ya fi nasa gajarta da kusan faɗin hannu. Na manta sarai an rage masa ƙafafu saboda Inna. Ramukan notunan ma ba su haɗu ba, na wannan a sama, na wancan a ƙasa.

Na ce, "To fa."

Ya ce, "Ban manta ba." Ya zaro guntayen katakon nan biyu daga gwangwani. Ashe ƙafafun da ya yanke ne ya adana. Sauran biyun, ya ce, zai yanko daga wani katako a bayan gida. Ya durƙusa ya gwada guntu ɗaya a ƙafar gadon, ya zauna daram. Ya buɗe kwalbar gam. Sai ya tsaya, buroshi a hannu.

Na ce, "Mene ne?"

"Gam ɗin nan sai gobe yake kamawa. Ba a taɓa shi, ba a hawa."

Na zauna a bakin rabin gadona, na naɗe hannu. Na riga na yi nawa, na je har shago na rubuta a allo kamar baƙuwa. In sai gobe ne, to sai gobe, na san wanda na aura.

Ya dubi kwalbar. Ya dubi ƙafafuna, da suke taɓa ƙasa daga inda nake zaune. Ya ɗago ya dube ni. Sai ya mayar da murfin gam ya rufe, ya jefa guntayen katakon cikin gwangwani. Ya kifar da nasa rabin gadon, ya zaro fensir daga bayan kunne, ya auna faɗin hannu a kowace ƙafa ya ja layi. Ya ɗauki zarto.

Na ce, "Dogo, gadonka fa? Gwiwoyinka za su kai maka haɓa in ka zauna."

Ya ce, "Su kai. Zarto minti biyar ne, Guntuwa. Riƙe min nan."

Na riƙe masa. Garin katako ya zuba min a ƙafa, hannunsa yana gogar nawa duk jan da zai yi. Ƙafa huɗu suka faɗi ɗaya bayan ɗaya. Muka mayar da shi tsaye muka tura, ramuka suka haɗu, notuna shida suka shige ba gardama. Muka jera katifun biyu, na shimfiɗa babban zanen da ya shekara uku da rabi a ninke. Akwai ɗan kwari a tsakiya inda aka yanka, har yau yana nan, kuma duk wanda ya kwanta can yake gangarawa.

Kayan aikin a ƙasa muka bar su. Rana tana tsaka, ana jin masu talla a titi. Shi ya tashi ya saki labule.

Washegari da safe muka zauna a doguwar kujera, muka karanta ayar ranar, ya miƙo hannu na kama. Na gode wa Ubangiji, na ambaci 'ya'yanmu uku, na ce amin. Ko minti biyu ba a yi ba.

Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Matafiya fa?"

Na ce, "Allah ya san inda suke."

Ya yi dariya, bai saki hannuna ba. Shayinmu yana kan tebur har ya huce.